Injin da Tokuhei Ya Ƙera Wa Kafaɗarsa

Iwabuchi Tokuhei ya shekara goma sha ɗaya yana juya hannun injin majigi a gidan kallon da ke bayan kasuwar masaƙa a Kiryu, amma cikin masu kallo babu wanda ya san kamanninsa. Wanda aka sani shi ne Sensei Ryusui, wato Malam Ryusui, mai bayani, wanda ke tsayawa gefen allo da mafici a hannu yana ara wa hotuna baki, tunda a lokacin ba sa magana. Shi ne jarumi, shi ne ɓarawo, shi ne tsohuwa mai kuka. Sunansa a ƙofa ya fi sunan fim ɗin girma.

Daga gaban Sensei wata igiya ta bi ta rufi har cikin ɗan akurkin da Tokuhei ke zama, da ƙararrawa a ƙarshenta. Ja ɗaya, a ƙara sauri. Ja biyu, a sassauta. In ana sara da takubba, hannun Tokuhei gudu yake. In uwa ta kwanta ciwon ajali, sai ya riƙa juyawa a hankali har Sensei ya gama yi mata wasiyya, 'yan matan masaƙa su jiƙa hannayen rigunansu. Akwai uwar da a Tokyo minti guda take yi ta cika, a Kiryu kuwa sai da ta yi biyar.

Yana da shekara arba'in da shida kafaɗarsa ta dama ta fara ƙi. Da safe tsinken cin shinkafa ba ya kaiwa baki sai ya sunkuyo masa da kai.

"Baban yara, ka gaya wa Hoshino-san mana," in ji matarsa Omasa. Hoshino shi ne mai gidan kallon.

"In ce masa me? Injinka lafiya lau, ni ne na lalace? Gobe ki ga wani a kujerata."

"To juya da hagu."

"Na gwada. Mayaƙa tafiyar agwagwa suke yi."

Kafin majigi, gyaran agogon bango ya koya a wurin kawunsa, kuma ya san nauyi ke juya agogo. Wata uku ya yi yana goge haƙoran tagulla. Ya roƙo igiya a masaƙa, ya ɗauke dutsen da Omasa ke danne ganyen tsami da shi, ya rataye shi a azarar akurkin. Dutse na sauka sannu a hankali, yana jan igiya, igiya na juya inji. Babu sauri, babu nawa. Tokuhei ya auna da agogo sau tara, duk daidai.

Hoshino ya hau ya gani, ya zagaya dutsen.

"Ba ya cin abinci?"

"Ba ya ci."

"Giya fa?"

"Ba ya sha."

"Ashe ya fi ka."

Tokuhei ya yi dariya. Sai da ya kama hanyar gida ya lura shi kaɗai ya yi ta.

Sensei dai ba a gaya masa ba. A ganin Tokuhei babu abin faɗa: wanda aka ba lokaci daidai, me zai ce ban da godiya? Duk mai gyaran agogo haka zai ɗauka.

Aka fara ranar sha biyar ga wata da rana, ranar hutun masaƙa, gida ya cika har mai ajiyar takalma ya rasa wurin sawa. Faɗan farko ya wuce lafiya, ko da yake ba zafi. Sai aka zo wurin uwa. Sensei ya gyara murya, ya ja igiya sau biyu. Tokuhei ya ji ƙararrawa sarai. Dutse ne bai ji ba.

"Ɗana," in ji Sensei da muryar tsohuwa, "in ka girma, ka tuna da..."

Uwa ta rufe ido. Ya sake jan igiya, ya ci gaba da wasiyya, domin ya haddace ta kuma bai san wata hanyar fita ba. A kan allo har an ɗauki gawa an nufi tudu, ita kuwa tana ta gargaɗin ɗanta kada ya sha ruwan sanyi bayan gudu. Wata yarinya a baya ta tuntsire da dariya. Daga nan masu kallo suka fara jifa da matasan da suke zaune a kai.

Sensei ya hau tsanin akurkin, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, Hoshino na biye da shi.

"Kai mai agogo! Wa ya kashe min uwa?"

"Sensei, ai lokacinta ne ya yi. Haka aka ɗauko ta a Tokyo."

"A Tokyo! A gidan nan ba mai mutuwa sai na sallame shi. Wannan kuma mene ne, dutsen girkin matarka?"

"Nata ne, Sensei."

"To mayar mata. Ta fi ka sanin amfaninsa."

Hoshino bai tsawaita ba. Gobe a juya yadda Sensei ke so, in Tokuhei ba zai iya ba, akwai hannuwa a gari.

Tokuhei bai sauke dutsen ba, domin ba shi da kafaɗar da zai koma wa. Da yamma ya yanko fata daga wata tsohuwar ganga, ya naɗe ta a tafin hannun hagu. Ya ɗaura wani madauki a ƙarƙashin dutsen, daidai inda ƙafa za ta shiga. Washegari da ƙararrawa ta buga ɗaya, ya taka madaukin, ya ƙara wa dutse nauyinsa, takubba suka yi wuta. Da ta buga biyu, ya danna fatar a jikin ƙafar injin, haƙoran da ya yi wata uku yana gogewa suka riƙa kuka ƙasa-ƙasa. Uwa ta yi minti shida. An ce ko a hannun Tokuhei na da ba ta taɓa samun haka ba.

Sensei bai sake hawa tsanin ba, wanda a wurinsa yabo ne babba. Tokuhei ya riƙe kujerarsa shekara goma sha huɗu bayan nan, har hotuna suka fara magana da kansu, kuma duk tsawon shekarun aikinsa shi ne hana injinsa yin abin da ya ƙera shi dominsa.

Sau ɗaya wasu injiniyoyi biyu suka zo daga Tokyo, sun ji labarin majigin da dutse ke juyawa. Suka zauna cikin masu kallo da agogo a hannu, suka auna fim guda daga farko har ƙarshe. Bayan an tashi suka gaya masa cikin ladabi cewa dabara ce mai kyau, sai dai abin takaici, injin ba ya riƙe lokaci. Tokuhei ya ce gaskiya ne, ya ƙara musu shayi da hannun hagu.