Hannuwan Yaya Rabi da Alhakin Inna Dije

Shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi a Kaikai, amma bana na fara gane ciwon da ya yi ajalinta.

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, ina sabon malamin firamare a Kankia, ita kuma tana ɗinkin hula a gidan mijinta. Wata rana tana cikin ɗinki yatsunta suka naɗe, suka ƙi miƙewa. Ta ce leɓenta kamar tururuwa na yawo a kai. Daga baya abin ya kai ga faɗuwa da shiɗewa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, asibiti suka ba da maganin farfaɗiya. Ba sauƙi.

Sai zargin sammu ya faɗa kan Inna Dije, Bafulatanar da ke kawo mata nono kullum. Ni mai ilimin boko, ni na tare ta a ƙofar gida na ce kada ta ƙara taka mana zaure. Ta ɗora ƙwaryarta ta tafi. Muka hana Yaya shan nono. Bayan wata biyar maƙoshinta ya shaƙe, ta cika.

Bana jikata Maryam ta fara irin wannan naɗewar yatsu. Aka ɗebi jininta, aka ga sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa. Likita ta ce akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama huɗu a wuya, kamar tsabar shinkafa, su ke daidaita shi. Aka aika jinin don wani gwaji na daban, ya nuna sojojin garkuwar jikinta ne suka juya suna yaƙar su. Yanzu tana shan magani, ta koma makaranta.

Na ba likita labarin Yaya. Ta ce, "Baba, ba jininta a gabana, ba zan yanke hukunci ba. Amma ya yi kama ƙwarai. Nonon ma, tunda akwai kalsiyam a cikinsa, da ya ɗan taimaka mata, ko da ba zai warkar da ita ba."

Da Yaya na raye, ban san mi za ta ce da wannan zamani ba, da ɗigon jini ke wanke mutum daga zargi.

Na bi sawu har wata ruga kusa da Kafin Soli. Inna Dije ta daɗe da rasuwa. Na tarar da ɗiyarta, ita ma ta manyanta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Malam, ai Rabi ta riga ka. Tana kwance ta aiko wa Inna da zane, ta ce ita ba ta taɓa zarginta ba. Inna ba ta ɗaura shi ba sai ranar sallah."

Abin da mu masu lafiya muka kasa, ita ta yi shi daga shimfiɗar jinya. Allah Ya jiƙansu su biyun, ni kuma Ya yafe mini.