Malam Lawali ya tafi, yaran Gidan Goga ba su ga Sakkwato ba

Ina tsakiyar sauke albasa a kasuwar Mafara da safen nan ɗiyata Hajaru ta kira ni tana kuka. Malam Lawali, malaminsu na tarihi, ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu kawai ya yi a kwance.

Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Amma yau sai na yi magana, don raina a ɓace yake.

Wanda bai san shi ba, shi ne malamin nan da duk ƙarshen shekara yake kwasar ɗalibai ya kai su Sakkwato. Su ziyarci Hubbare, su shiga gidan tarihi, su tsaya gaban fada, su ga inda ganuwar birni take a da, su dawo gida kafin la'asar. Mu iyaye muna ce mishi Malam Yawo, shi kuwa yana amsawa.

Shekarun baya na bi su a matsayin ɗan rakiya. Muƙamin da aka ba ni shi ne tsaron takalma a ƙofar Hubbare, kuma ko ƙafa ɗaya ba ta ɓata ba. Da muka shiga gidan tarihi sai ga garma a cikin gilashi, irin wadda ke rataye a zaurenmu sak. Na ce mishi ashe ni ma kayan tarihi ne ban sani ba. Ya ce haka ne, gilashin da zai ɗauki tumbina ne ba a samu ba.

Ba ya barin yaro ya ɗauki hoto sai ya faɗi da bakinshi abin da ke gabanshi. Ni ma sai da ya riƙe wayata.

Akwai wata al'ada tashi da ba zan manta ba. Kowane yaro zai zo da guzuri daga gida, wani hoce, wani ƙuli-ƙuli, wani dafaffen dankali. Kafin mota ta tashi sai Malam ya buɗe buhu ɗaya kowa ya zuba, shi kuma ya kau da kai. In an isa a juye a tabarma, a ci tare. Na tambaye shi dalili, ya ce don kar a gane gidan da ba a hura wuta ba.

Bana ajin ya cika da yaran Gidan Goga da Damaga, waɗanda iyayensu suka baro gonakinsu saboda ɓarayin daji suka raɓe a Mafara. Saboda su ya fi matsawa a yi tafiyar.

Ga inda raina ya ɓaci.

Makarantar tana da bas. Mu iyaye muka haɗa hannu aka saye ta. Malam ya je wurin ciyaman na kwamitin iyaye ya roƙa, aka ce hanya ba tsaro. Muka haƙura, don wannan magana ce mai nauyi, babu uban da ke wasa da ita.

Sati bai zagayo ba sai ga bas ɗinmu ta cika da 'yan kai amarya, an yi mata ado da balan-balan, ta nufi Sakkwato bikin ɗan ciyaman. Hanyar nan dai. Ban sani ba ko katin gayyata aka aika wa ɓarayin.

Malam ya koma, aka ce taya ta lalace. Ya sake komawa, aka ce ciyaman ya tafi Bakura gaisuwa. Mutum mai hawan jini, a ƙafa, cikin rana, yana zarya kamar mai neman aure.

Talatar da ta wuce ya same ni a rumfata. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da kasuwa, har jakin da na sayar bara sai da ya tambaya. Sannan ya dubi tsohuwar bas ɗina da na cire wa kujeru nake jigilar albasa, ya tambaya ko kujerun suna nan. Na ce suna nan, kaji ne ke kwana a kai. Na gargaɗe shi cewa duk yaron da ya shiga motar nan, har ya yi aure warin albasa zai riƙa yi.

Bai yi dariya ba. Ya ce: "Baban Hajaru, yaran ga ba su taɓa hawa mota ba sai don gudu. Ina son su hau sau ɗaya don kallo."

Na ce mishi ya ɗauka an gama. Rabuwarmu ke nan.

Ya kai maganar kwamiti, aka ce motar albasa za ta zubar da mutuncin makaranta.

To yau tun kafin a kai shi makwanci, ciyaman ya sa hotonshi da Malam a shafinshi, ya rubuta wai an yi babban rashi, wai za a buga babban ƙyalle mai hoton marigayi a rataya a ƙofar makaranta. Ranka ya daɗe, ba ƙyalle ya roƙe ka ba. Makullin bas ya roƙa.

Ban kira sunan kowa ba. Mai abin ya san kanshi.

Daga maƙabarta gida na wuce, na kori kaji, na fito da kujeru. Hajaru da uwarta suna can suna wanke motar da omo. Na bi iyayen yaran masauki-masauki, duk wanda na samu ya amince, wasu ma za su bi mu. In Allah ya yarda, Asabar ɗin bayan addu'ar bakwai za mu tashi da hantsi, mu dawo kafin la'asar kamar yadda ya saba. Ba da sunan makaranta ba, da sunan Malam Lawali.

Ni ban san tarihi ba, kar in je in ce wa yara garma takobi ce. Tsofaffin ɗalibanshi da ke karatu a Sakkwato, ku tare mu a ƙofar Hubbare ku yi musu bayani. Takalmanku suna hannuna.

Mai guzuri ya kawo. Buhu ɗaya ne, kuma zan kau da kai.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya yafe mishi, ya haskaka ƙabarinshi, ya rufa wa iyalinshi asiri yadda ya rufa wa 'ya'yan mutane. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mishi addu'a, ya kuma roƙa mana Allah ya kai yaran nan lafiya ya dawo da su lafiya.