Abin da Inna Ta Ce a Yi in An Je Garin Duwatsu

Ni kam har gobe ina jin haushin abin nan da ake kira kunyar ɗan fari. In na faɗa a ce bakina ba linzami. To, a ce ɗin. Da idona na ga abin da ta yi wa mahaifiyata a gidanmu na Soron Ɗinki, shekarun da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu.

Inna Bafulatana ce ta usuli. An haife ta a wani gari can ƙasar Bauchi, gari ne maƙale a jikin duwatsu, ga ƙungurmin daji a ƙarƙashinsa. A can ta yi auren fari, ta haifi ɗa namiji. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba, kamar yadda suke yi. Mijin ya rasu, cuta ta shiga shanun iyayenta, suka gangaro da 'yan abin da ya rage, tafiya ta yi tafiya har Kano. Nan babana, mai ɗinkin riguna, ya aure ta. Yaron yana can. Bafulatana kuwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta ma nuna ta san da shi a duniya. Burin Inna guda ne, ta ɗora ido a kansa kafin ƙasa ta rufe nata idon, amma ba bakin da za ta faɗa da shi. Ni kuwa auta, da aka bari na tashi da surutu, a lokacin ban ma san ina da wa a can ba.

Ina gida wankan jego na haihuwar fari, babanmu ya riga ya rasu, sai maigidana ya zo sallama. Marini ne a Ƙofar Mata, hannunsa shuɗi har gwiwa, kuma in kaya sun taru yakan ɗauki baƙaƙen rawuna da zannuwa ya kai kasuwannin nesa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗaki irin na suruki, Inna na ciki bayan asabari tana kaɗi. Ya ce zai bi jirgin ƙasa zuwa Jos, daga nan ya hau mota ya zaga kasuwannin Fulani. Ya ambaci sunan garin. Sai na ji mazarin Inna ya faɗi ƙasa.

Matar da ba ta haɗa kalma biyar da surukinta, ran nan sai ga baki ya buɗe.

"Malam, in an je, kada a tsaya kasuwa kaɗai," in ji ta. "Akwai dutse bayan kasuwar. A hau shi da sassafe kafin a saki shanu, a zauna har hazo ya ɗaga, za a hango rugage ta gabas. A gangara bakin daji, akwai maɓuɓɓuga mai ruwan ɗumi, a nan makiyaya ke shayarwa. A yi wanka, kada a yi sauri. Ran kasuwa kuma a nemi gindin ɗorawa inda mutanen rugagen gabas ke zama. A wajensu za a sayi zuma, ba wajen 'yan gari ba. In an tambaya daga ina, a ce daga Kano, gidan wata tsohuwa mutuniyar nan."

Na kwashe da dariya. Na ce, "Inna, wai ciniki zai je ko yawon buɗe ido? Saura ki ce ya gai da birai."

Ta ce, "Ke dai kama bakinki, ki ba yaron mutane nono." Yaron mutane! Ɗana ke nan da na haifa da cikina. Kullum cikin kwaɓata take, kada in kira sunansa, kada in yi masa wasa gaban jama'a.

Maigidana mutum ne mai bin magana daki-daki. An ce ya hau dutse, ya hau. An ce ya yi wanka, ya yi. Da ya dawo, ya sake durƙusawa a ƙofar nan, yana ta zuba kamar kanya ta nuna. Sanyin garin har cikin ƙashi. Ya ga sawun giwa a bakin ruwa, ya sa ƙafafunsa biyu a ciki da sauran wuri. Wani gwaggon biri ya sure masa ƙunshin dambu yana tsakiyar wanka. Yaran gida suka kewaye shi suna shewa. Inna ba abin da take cewa sai, "To. Sai kuma me?"

Can ƙarshe, har ya fara neman takalmi, ya ce, "Af, na manta zumar." Ya turo wata gora ƙarƙashin asabari. Ya ce a gindin ɗorawar ya sami wani dogon Bafillace, furfura ta fara fito masa a gemu, da tabon ƙuna a girar hagu. Da ya ce masa daga Kano yake, gidan wata tsohuwa mutuniyar nan, sai mutumin ya sunkuyar da kai, bai tambaye shi komai ba. Ya tashi ya ɓace, can sai ga shi da gorar nan da ƙwaryar nono. Suka ci tare. Ya ƙi karɓar ko anini. Washegari kuma ya zo ya ɗaukar masa kaya a ka har bakin mota, ya ce a gai da mutanen Kano.

"Fulanin daji akwai kirki," in ji maigidana yana dariya, "sai dai magana kamar da kuɗi suke saye."

Ina kusa da Inna, na ga ta jawo gorar ta rungume. Da ta buɗe baki, abin da ta ce shi ne, "Shanun nasa da ƙiba?"

Ya ce, "Tubarkalla, Inna."

Ta ce, "Madalla. A huta gajiya."

Yafendo, ƙanwar Inna da suka gangaro tare, ita ta fasa mini ƙwan washegari muna tankaɗe. Ta ce tabon nan tana wurin aka yi shi, yaron na rarrafe ya faɗa kan murhu. Ta faɗa mini sunansa. Ta ce duk wuraren da Inna ta lissafa, wuraren da makiyayin gabas ba zai wuni bai taka ba ne. Kuma ba maigidana ne na farko ba. Duk falken da ta ji zai bi ta can, sai ta aika masa da wannan karatun, su je su sha kallo su dawo suna ba ta labarin birai.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na watsar da rariya na faɗa ɗakin Inna. Na ce, "Haba Inna! Ɗanki ne fa! Da kin ce wa Malam ga sunansa, ka ce ya zo, da yanzu yana zaune a zauren nan. Kin tura mutum hawan dutse kamar akuya. Shi ma ɗan naki, ya gane sarai, ya iya ɗaukar kaya a ka, bai iya cewa ina uwata ba? Wace irin kunya ce wannan? Ki faɗi sunan nan, Inna, sama ba za ta faɗo ba!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ke Kano ta haife ki. Tashi, ruwan wankanki na hucewa."

Da na gaya wa maigidana, ya dafe kai yana salati. "Yayanki! Na sa hannu ƙwarya ɗaya da yayanki, ban ko tambayi sunansa ba!" Ya rantse zai koma ya taho da shi. To amma kafin ya shirya damina ta sauka, hanyar can ba ta biyuwa da mota. Damina na wucewa aikin salla ya danne marina, karofi ba masaka tsinke. Yau ne, gobe ne, sai da shekara ta kusa zagayowa. Na yi ta yi masa mita har ya fara gudun shigowa cikin gida da wuri.

Inna kuwa kaɗinta ya ƙaru. Ta tara zare, ta ba masaƙi, ta sa abokan aikin babanmu suka ɗinka babbar riga, aka kai karofin maigidana aka rina ta, aka buga har tana ɗaukar ido. Ran tafiya ta turo ta ƙarƙashin asabari. Ta ce, "Ta yi wa mutanen gidan nan tsawo. In an ga wani dogo a hanya, a ba shi." Zumar nan kuwa ba wanda ta bari ya taɓa. Tana bayan jerenta, bakin gorar a liƙe.

Na nemi izinin zuwa ganin gida don ya same mu tare in ya dawo. Na share ɗakin zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Kullum aka yi sallama sai na leƙa zaure. Na lura Inna ta sa Yafendo ta yi mata kitso irin na can, wanda tun da na yi wayo ban taɓa gani a kanta ba.

Ya dawo da hantsi, shi kaɗai, da rigar a hammata.

Ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce hukuma ta killace dajin don namun daji. An hana kiwo, an hana farauta, an hana cire zuma. Ya nufi maɓuɓɓugar nan, wasu masu kaki suka mai da shi baya. Rugagen gabas ba kowa, sai turaku da busasshen kashin shanu. Gindin ɗorawa wasu masu sai da tukwane ne suka maye wurin. Ya bi gari yana faɗin sunan. Wasu suka ce sun yi kudu wajen babban kogi, wasu suka ce sun ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki. Ba wanda ya san takamaimai, don makiyayi in ya kaɗa shanu ba ya barin sallahu. Ya ajiye rigar a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai.

Inna ta ce, "Sannu da hanya. An hau dutsen?"

"An hau, Inna."

"To, madalla. Allah ya yi albarka."

Ni na yi kukan. Na yi shi da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Ita ko ɗigo.

Bayan azahar gida ya yi shiru, kowa na ɗakinsa. Ina zaune a bakin gadonta ina goge wa ɗana hanci. Ta jawo rigar ta warware ta a kan cinya, tana shafa wuyan da tafin hannu, shuni na kama mata yatsu. Sai na ji ta faɗi sunan. A hankali ta faɗe shi, yadda uwa ke kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ta karkata kai wajen ƙofa, ta ɗan saurara. Ni da na cika gida da ihun a faɗa, a faɗa, wallahi da na ji sai na so ban ji ba. Na gane muddin tana riƙe da sunan nan a ciki, tana sa ran mai shi zai yi sallama wata rana. Ta naɗe rigar ta sa a adaka. Da la'asar ta fito da gorar zuma, ta ɓalle bakin, ta kira yaran gida ta raba musu.

Ta ƙara 'yan shekaru a duniya. Wata rana ina nan wani falke ɗan unguwarmu ya yi sallama, ya ce zai bi ta garin duwatsun nan, an ce Inna ta san wuraren da ya kamata baƙo ya gani.

Ta ce, "A yi ciniki a dawo, ɗan nan. Ba komai a can."