Rawanin da Ya Ji Barkono

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Amma ranar da na sa ƙaton namiji kuka a gidan neman aure ba za ta fita daga kaina ba.

A Arlit ne, shekarun da kamfanin ma'adinai ya sallami mutane, ruwan sama ya ƙi zuwa, tawaye kuma ya toshe hanyoyi. Mijina ya yi arewa neman aiki, bai dawo ba. Sana'a biyu na riƙe. Da safe a tasha ina sayar da shinkafa da dakakken ɗanyen barkono mai albasa da lemun tsami. Da yamma ina buga fure a jikin yadi da wasu sassaƙaƙƙun katako, waɗanda wani Ba'indiye mai shago ya bar mini da zai koma gida. Shi ya nuna mini: a daka baba na rini da ƙaro, a tsoma katakon, a ɗora, a doka sau ɗaya.

Turmina ɗaya ne, ruwan yini ma bido ɗaya, wato jarka guda. Ran nan na ce wanke turmi ɓarna ce. Na goge da tsumma, na daka baba.

Sai ga wani direban kamiyo, babbar motar kaya, Ba'abzine, da farin rawani.

"Inna, ki sa mini fure a bakinsa. Gobe zan je gaban uban yarinya."

Na yi murna. In ya fita da kyau, duk direbobin tasha nawa ne. Na buga, ya bushe, ya yi kyau kuwa.

Washegari da azahar ya dawo sanye da tsohon rawaninsa, sabon a hannu, idanu jajir.

"Inna, me na yi miki?"

Na shinshina yadin, na yi atishawa.

A wurinsu namiji ba ya sauke rawani daga baki a gaban suruki. Ya ce da zufa ta fara, sai leɓe ya kama wuta, hanci ya biyo. Ya zauna a miƙe, hawaye na zuba, har aka sha shayi na uku. Tsohon ya ce, "Lafiya, ɗana?" Ya ce, "Lafiya lau." Ashe tsohon ya ji ƙamshin barkono tun wajen gaisuwa. Sai ya sa aka sake ɗora buta.

"To, an ba ka?" na ce.

"An ba ni. Wai mai jure wannan zai jure 'yarsa."

"Ka ga ashe na yi maka aiki."

Ya harare ni, ya zauna, ya ce in zuba masa shinkafa, ban da barkono.

Labari ya zaga tasha. Babu direban da ya ƙara kawo mini rawani, buga fure ya mutu a hannuna. Ban ga laifin kowa ba.

Tun daga nan na koyi abu ɗaya: in zan yi tsimi, in yi shi a jikina, ba a fuskar wani ba.