Jar Lambar Gidan Fataw

Fataw Issaka ba ya yar da ƙarfe. Duk wanda ya zauna da shi a unguwar Morris Heights ta Bronx, a New York, ya san wannan hali nasa. Ƙusa ce, noti ne, hannun ƙofa ne da ya ɓalle, in dai ya gani a ƙasa sai ya sunkuya. Yana da wani bokiti da yake tarawa a ciki, idan ƙarshen shekara ta zo a juye a duro tare da shinkafa da man girki da takalma, a aika Kumasi ta jirgin ruwa. Matarsa Hamdatu ta yi mita har ta gaji ta ƙyale shi.

A Zangon Kumasi aka haife shi. Mahaifinsa mai masauki ne, fataken goro da na shanu a gidansa suke sauka, kuma ba a taɓa jin ya ce da baƙo babu wuri ba. Fataw ya taso yana jin ana kiran mahaifinsa Maigida tun daga bakin lungu, sunan ya zauna masa a rai. Ya iso New York a shekarar 1997, ya samu aiki a wani garejin ajiye motoci a Manhattan, kuma har yau yana nan. Motocin mutane yake karɓa ya jera, ya fito musu da su idan sun dawo. Hamdatu kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara ashirin da biyu suka yi a hawa na biyar, a ɗaki biyu na haya, kuɗin hayar na tashi kowace shekara, na'urar ɗumama ɗaki kuwa sai ranar da ta ga dama take aiki.

Abin da yake so bai da yawa: ƙofar da zai buɗe ya taka ƙasa, ba matakala ba, da takardar da ke cewa tasa ce. Gida a Bronx ya fi ƙarfinsa, ko tambaya bai yi ba. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin wasu gidaje a arewa da birni, tafiyar awa ɗaya da rabi. Irin waɗanda ake ƙerawa a masana'anta ne, a jawo su da babbar mota a kan tayoyi, a ajiye a fili. Gidan naka ne, ƙasar da yake kai kuwa haya kake biya duk wata.

Ya je ya gani a shekarar 2019. Dogo ne siriri, ɗaki biyu da falo, da 'yar ciyawa a gaba. Mai shi wani tsohon Bature ne, Mista Dugan, wanda zai koma wurin 'yarsa. Dala dubu talatin da takwas ya ce. Da Fataw ya yi zancen banki, tsohon ya girgiza kai, ya ce kada ya wahalar da kansa, bankuna ba sa son tsofaffin gidaje irin wannan. Ya ce shi zai jira: Fataw ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa biya wata-wata har shekara biyar, sannan ya kawo ragowar gaba ɗaya. Idan ya kasa, gida ya koma hannun mai shi. Fataw ya kwashi adashen da suke yi, wanda su suke kira susu, ya biya dubu tara. Shekara biyar a lokacin ta yi masa kama da nesa.

Bai daina zuwa masallacinsu na Bronx ranar Juma'a ba, kuma a nan aka fara tsokanarsa. Ya nuna hotuna a waya, waya ta zaga hannuwa, sai wani ya tsaya a kan hoton bayan gidan ya ƙara masa girma. A jikin bango, can ƙasa, akwai wani ɗan ƙarfe ja, bai kai tafin hannu ba, da haruffa da lambobi a jikinsa.

"Ei, Fataw! Gidanka har da lambar mota? Ka yi masa inshora kuwa? Kar polis su kama ka kana barci!"

Aka kwashe da dariya. Daga ranar ya zama Maigida Mai Taya. Ya yi dariyar tare da su, amma abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jera motocin wasu, yanzu a ce shi ma a mota yake kwana.

Hamdatu kuma nata dalilin daban. A Accra ta girma, inda ta ga ma'aikata suna shafa jan fenti a bangon gidajen da za a rushe, har da na kawunta.

"Maigida, ni ban son jan abu a bangon gida," in ji ta. "Ka cire shi kafin mu aika ma Mma hoto."

Wata Lahadi ya ɗauki filaya, cikin minti biyu ya ɓalle shi. Bai yar ba, ai ba halinsa ba ne, a bokiti ya jefa. Suka yi wa gidan fenti ruwan ƙasa, suka rufe ƙasansa da katako yadda ba mai ganin inda tayoyi suka taɓa zama. A cikin kabad ɗin kicin akwai wata tsohuwar takarda manne, duk maiƙo. Hamdatu ta jiƙa ta da ruwan zafi ta kankare ta tas, don mace ce mai tsafta. Sannan suka ɗauki hoto suka aika gida. Mma, mahaifiyar Fataw, ta sa aka wanke hoton aka rataya mata.

Ya ji daɗin gidan, wannan ba a musu. Yakan fita tun asuba ya kama hanya zuwa aiki, bai taɓa ƙorafin nisa ba. Ya shuka tumatir da kuɓewa. Ɗaki na biyu bai taɓa zama babu kowa ba: sabon zuwa daga Tamale, ɗalibin da ya rasa wurin zama, direban da aikinsa ya tsaya. Babu wanda ya biya ko sisi, kuma kowa Maigida yake kiransa, ba tare da ƙarin nan na masallaci ba.

Shekara biyar ta zo kamar jiya. Mista Dugan ya rasu, 'yarsa ta aiko da wasiƙa cikin ladabi: ragowar dala dubu goma sha tara, nan da wata uku. Fataw bai taɓa latti ko sau ɗaya ba, don haka ya shiga banki a unguwar Fordham da ƙarfin gwiwa, riƙe da rasidai a cikin leda. Ba su ko buɗe ledar ba. Da jin cewa ƙasar haya ce, aka ce a wurinsu wannan ba gida ba ne, kaya ne, kamar mota. Banki na biyu ya ce ba sa taɓa wanda ya wuce shekara ashirin. Na uku ya ce kuɗin ma sun yi kaɗan a buɗe musu fayil. Wannan ya fi ba shi haushi: kuɗin da suka hana shi barci, a wurin wani ba su kai a ɓata takarda ba.

A wata ƙaramar ƙungiyar bashi ce wata ma'aikaciya ta zaunar da shi ta saurare shi. Ta ce su suna bayarwa, amma da sharaɗi ɗaya: sai an tabbatar an ƙera gidan bayan tsakiyar shekarar 1976, lokacin da gwamnati ta kafa ƙa'idar ƙera irinsu. Fataw ya ce tsohon ya gaya masa na 1979 ne. Ta ce magana ba ta isa ba, amma abin mai sauƙi ne.

"Ka zagaya bayan gidan," in ji ta, "za ka ga wata 'yar jar lamba ta ƙarfe. Ka ɗauko min hotonta. Idan ta ɓace, akwai takarda manne a cikin kabad ɗin kicin, ita ma ta isa."

Ya gode mata, ya tattara ledarsa ya fito.

Ya shiga ƙarƙashin gidan da tocila, don an ce akwai wata lamba a jikin ƙarfen da ke ɗauke da shi. Tsatsa ta cinye ta. Ya nemi tsohon hoton nan da aka yi masa dariya a kai, wayar ta daɗe da mutuwa. Ya juye bokiti a tsakar ɗaki, ko da yake ya san an juye shi sau biyar tun daga lokacin. Hamdatu na tsaye a bakin kicin tana kallonsa. Kowa ya san abin da hannunsa ya yi.

Sai ya kira ƙaninsa Saani a Kumasi, wanda yake karɓar duro. Ya kwatanta masa abin, ba don yana sa rai ba.

"Ja, ƙarami, mai rubutu? Yaya, ai yana nan! Shi na buga a ƙofar Mma, inda ɓera ya huda. Ƙarfen na da kyau sosai paa."

Hoto ya shigo bayan minti goma. Ga ƙasan ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda ya sani tun yana rarrafe, ga jar lambar an buga ta da ƙusa huɗu. Sai dai ramin ɓeran a kusurwa yake, don haka Saani ya sa almakashin gwangwani ya datse ta ta yi daidai. Haruffa uku suna nan, da lambobi biyu. Sauran huɗun sun tafi da guntun da aka yar shekaru huɗu da suka wuce.

Ya kai wa ma'aikaciyar ƙungiyar bashin hoton duk da haka. Ta daɗe tana kallo, ta tambaye shi ko wannan ƙofa ce. Ta buga waya wurare biyu, sannan ta ce masa ta yi haƙuri ba za ta iya ba. Ya nemi susu, kwasarsa sai bayan wata takwas. 'Yar Mista Dugan ta ƙara masa wata ɗaya, daga nan ta ce akwai mai saye da kuɗi a hannu.

Saani ya sake kira, ya ce ko ya ɓalle abin ya aiko da shi ta hannun mai zuwa.

"Bar shi a wurin," in ji Fataw.

Yanzu sun koma Bronx, suna unguwar Highbridge, a ɗaki ɗaya cikin gidan hayar direban nan da ya taɓa zama a wurinsu wata shida. Direban ya rantse ba zai karɓi kuɗi ba, Fataw ya rantse sai ya biya, suka tsaya a rabi. A masallaci an daina kiransa Mai Taya, kuma wannan shirun ya fi tsokanar ciwo. Yana nan a garejinsa, bokitin ma yana nan a bayan ƙofa.

Ba su gaya wa Mma ba. Duk Lahadi yana kiranta, ta tambayi aiki, ta tambayi Hamdatu, ta tambayi tumatir. A makon da ya wuce ta ce Saani ya gaya mata ashe ƙarfen ƙofarta daga jikin gidan Fataw ya fito, yanzu duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta nuna mata.

"Tun da aka buga shi ɓera bai ƙara shiga min ɗaki ba," in ji ta. "Allah ya bar maka gidanka."

"Amin, Mma," in ji Fataw.