Ɗakin da Aka Shafe Kafin a Tashi

Ɗakuna uku mahaifinmu ya bar mana a Yelwa, ni aka ɗora wa kula da su, domin kuɗin hayarsu ne cefanen Inna. A shekarun farko da aka ba mu jiha na gane cewa ɗan haya ba ya tashi sai ya bar maka aiki. Wani ya tafi da ƙwan lantarki har da mariƙinsa. Wani malamin makaranta ya cika bango da ƙusoshi, wata kuma ta bar mini ƙyaure a jingine, wai haka ta same shi. Duk tashi sai na sayi sabon kwaɗo, na kira magini. Shi ya sa na zama mai shinshina ɗaki kafin in karɓi mabuɗi.

A ɗakin bakin ƙofa akwai wani mai bandar kifi, mutumin Wara, shekara shida shi da iyalinsa. Da ya ce zai koma gida, na yi wa wani ma'aikacin gona alkawarin ɗakin, a kan ranar Asabar zai kawo kaya.

Ranar Alhamis na leƙa, sai na tarar da ɗaki fari fat. An shafe shi da farar ƙasa, har daɓen an wanke. Wa ya taɓa shafe ɗakin da zai bari? Na san masu banda. In ruwa ya tsare su da damina, cikin ɗaki suke hura wuta su ƙarasa kifi, hayaƙi da mai su cinye bango, wani lokaci har azara ta kama. Na ce lalle ɓarna mutumin nan ya binne mini.

Na kai wa Inna maganar. Ta ce, "Kai dai ba ka da aiki. Mutum ya yi ma gyara, mi kaka so kuma?"

Ban saurara ba. Na koma na bi bangon gabas da ido, na ga wani wuri farin ya fi kauri. Na ƙwanƙwasa, sautin ya bambanta. Na ɗauko fartanya. Mai bandar kuwa yana tsakar gida yana ɗaure kaya, jirgin Wara na lodi a bakin ruwa. Na ce masa kada gadonsa ya fita sai na gama dubawa. Ya dube ni, ya saki igiyar, ya zauna bisa turmi.

Na fara kankarewa daga sama. Babu baƙin hayaƙi, babu mai. Sabon siminti ne ya bayyana, an bi da shi wata doguwar tsaga tun daga azara har ƙasa. Na san tsagar nan sarai. Damina uku yana yi mini maganarta, ni kuwa ina ce masa sai bayan salla. Maimakon in tsaya, taurin kai ya sa na ƙara sara, wai ko da wani abu a ƙarƙashi. Simintin bai gama kamawa ba, ya ɓalle ya zubo a ƙafata.

Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Maigida, nan ne ruwa ka shiga, bisa shimfiɗar ɗiya. Cewa niy yi kar wanda za ya shigo shi sha abin da munka sha."

Ya miƙo mini mabuɗi da hannu biyu. Ya shiga ya yi wa Inna sallama, ya kwashi kayansa ya nufi bakin ruwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har ya tafi ban ba shi haƙuri ba.

Ranar Asabar ma'aikacin ya iso da kayansa a kura, ya hango hasken waje ta bango, ya juya abinsa. Ɗakin ya yi wata biyu babu kowa, Inna ta rage nama a miya.

Da na sami halin kiran magini, ya ɗauki ɓaraguzan ya jujjuya a hannu, ya ce ko wane ne ya yi aikin farko, bai yi rowar siminti ba.