Bakin Bindigar Maitama

A Gozaki, duk gonar da ke gindin dutse masu ita biyu ne: wanda ya shuka, da biran da ke kallonsa daga sama. Aikin Maitama shi ne shiga tsakaninsu. Tun yana saurayi yake gadin gonakin nan da bindigar toka da ya gada wurin kawunsa, in kaka ta yi kowane manomi ya ajiye masa damin dawa. Ba a taɓa jin ya kashe biri ba. In an tambaye shi sai ya ce ai maƙwabta ne, tsawa ta ishe su.

To, ita ma tsawa in ta yawaita kunne yakan saba. Daminar da ta biyo bayan fara yaƙin basasa, biran suka daina gudu. In ya harba sai su ɗan matsa gefe, su ci gaba da ɓare masara. Manoma suka fara zancen a ba Mudi gadin, wani mai karnuka daga Ƙafur. Uwa, matar Maitama, ta lura tuwonsa ya fara saura a akushi.

Ranar kasuwa ya bi mota zuwa Funtuwa. A tashar jirgin ƙasa ya ga sojoji za su kudu, kowace bindiga da wani ƙarfe mai tsage-tsage a bakinta. Bai zame ko'ina ba sai rumfar Ayinde, Bayaraben da ke sayar da kayan keke da na mota, haifaffen garin, wanda wansa tsohon soja ne.

"Ayinde, abin nan na bakin bindigar soja, shi ke ƙara mata murya ko?"

"A'a, Baba. Wuta yake ɓoyewa, kada abokin gaba ya ga inda kake."

"Ɓoyewa? Ni da nake so a ji ni har Malumfashi?"

Ayinde ya yi dariya. "Ashe kai ba soja ba ne, Baba, sanƙira ne mai shela. Zauna mu gani."

Ya zube masa kaya a tabarma. Mazurarin kananzir, Maitama ya ce gwangwani ne, harbi ɗaya zai yage. Famfon keke ya yi tsukuku. Sai idonsa ya faɗa kan wani hon na tsohuwar mota, na tagulla, mai faɗin baki kamar kakaki. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kasa ajiyewa.

Da ya koma gida, Shitu maƙeri ne ya ɗora masa shi a bakin bindigar. Da zai miƙa bindigar ya ce, "In ta yi tsawa ka tuna da ni. In ta fashe, Ayinde ka sani."

Ta kuwa yi tsawa. Harbin farko birai suka watse, har jakin wani ya tsinke igiya. Maitama ya shiga goge tagullar da toka da tsamiya kullum, tana ɗaukar ido.

Sai dai birai ma suna da nasu mai gadin, wani tsohon biri da ke zama a kan dutse. Ba a jima ba, in Maitama yana gabas suna yamma, in ya zagayo sun koma gabas. Ɓarna ta fi ta da. Aka ce an ga Mudi a gari yana gaisawa da mutane.

Wata rana Uwa ta kawo masa fura gona.

"Malam, tun daga bakin rafi na hango ka, kana walƙiya kamar tasar amarya."

"To, sai me?"

"Ba komai. Ni dai idona bai kai na biri ba."

Maitama ya sha furarsa a hankali, ya daɗe yana kallon dutse.

Kashegari Maitama ya sa Shitu ya cire abin da ya ɗora. Maitama ya ɗaure tagullar a kan sanda can gabas, ya rataya mata tsohuwar riga da malfa. Shi kuma ya laɓe cikin dawa a yamma. Hantsi na yi birai suka sauko da ƙwarin gwiwa, manya da ƙanana, har gabansa. Sai ya harba. Abin da suka ji a ranar, bai kai rabin tsawar tagulla ba, amma sun kai ƙolin dutse ba su waiwayo ba.

Daga nan wata rana ya zauna kusa da sandar, wata rana nesa. Tsohon biri ya rasa wanda zai gaskata, wurin da ke walƙiya ko wurin da ba ya yi.

Kaka ta yi, damman dawa suka taru a ƙofar gidan Maitama, Mudi kuwa yana Ƙafur da karnukansa. Uwa ta koma wanke akushi ba sauran tuwo.

Har ya tsufa, in samari suka tambaye shi abin da ya fi dacewa da bakin bindiga, sai ya nuna tasa a jingine da bango. Totuwar masara ce a toshe a ciki, don kada zanzaro ya yi gini.